Shirya Jariri Don Tiyata: Abin da Ya Rataya a Wuyan Iyaye

Yawanci tiyatar jariri tana buƙatar a sa shi barci mai nauyi da magani, yadda ba zai ji zafi ba, ba zai kuma motsa ba har a gama. Ayyukan da aka fi yi wa jarirai sun haɗa da gyaran ƙaba, ɗinke tsagaggen leɓe, buɗe hanyar bayan gida ga wanda aka haifa ba dubura, da warware hanjin da ya shige cikin juna. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna da sashe na musamman don tiyatar yara. Likita biyu ne ke kan jariri: mai yin aikin, da likitan sa barci, wanda ke tsare numfashin yaron, bugun zuciyarsa da ɗumin jikinsa tun daga farko har ya farka.

Jikin jariri yana da nasa hali. Hanyar numfashinsa ƙunci gare ta, iskar da ke jininsa tana saurin raguwa idan numfashi ya tsaya ko da na ɗan lokaci ne, sanyi kuma yana saurin kama shi. Kowane magani da nauyinsa ake aunawa, shi ya sa ake ɗora shi a kan sikeli kafin komai.

Shiri yana farawa ne daga ganawa da likitan sa barci. A nan ake tambayar ko jaririn bakwaini ne, ko yana da ciwon zuciya ko sikila, ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, ko kuma an taɓa samun wanda maganin barci ya ba matsala a dangi. Duk abin da ake ɗura wa yaro a gida, jiƙo ne ko tsimi ko maganin kemis, ya kamata a faɗa, domin wasunsu suna karo da magungunan asibiti. Akan gwada yawan jini, idan aikin babba ne kuma a nemi dangi su ba da jini a ajiye. Sa hannu a takardar amincewa ma abu ne da ya kamata a gama tun da wuri. Sau da yawa uwa takan zauna da yaro a hannu ana jiran maigida ya iso, alhali wani ciwon, kamar toshewar hanji, ba ya jira.

Dokar da ta fi kowace wuya ga iyaye ita ce ta hana ci. Ƙa'idar da yawancin asibitoci ke bi ita ce a daina ba da madarar gwangwani, koko da kowane irin abinci awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla kuma awa 2. Dalili shi ne idan maganin barci ya kama jiki, tarin da ke kare maƙogwaro yana ɗaukewa. Abin da ke ciki yana iya tasowa ya gangara huhu, ya jawo ciwon huhu mai tsanani ko ya toshe numfashi. Ma'aikatan ɗakin tiyata sun saba ganin yadda abin ke kasancewa da asuba: jariri yana tsala kuka yana neman nono, ƙirjin uwa ya cika, kaka na gefe tana cewa a ba shi ɗan kurɓi, ai ba komai. Wannan kurɓin yana iya zama sanadin hatsari. Dabarar da ke taimakawa ita ce uwa ta sa ƙararrawar waya, ta tashe shi ta shayar da shi ya ƙoshi dab da cikar wa'adi, sannan ta miƙa shi ga wani ya goya, don kada ya riƙa neman nono. Ita kuma ta tatse nonon ta samu sauƙi. Idan an riga an ba shi wani abu, a faɗa wa nas. Ɗage aiki da 'yan awoyi ya fi ɓoyewa alheri nesa ba kusa ba.

Haka batun mura yake. Yaron da ke tari, zazzaɓi ko majina mai kauri, maƙogwaronsa yana iya shaƙewa a ƙarƙashin magani. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, likita kan ɗage shi da mako biyu zuwa huɗu. Wanda ya taso daga nesa ya kashe kuɗin mota zai ji ciwon hakan, amma don tsare ran yaron aka yi.

A ɗakin tiyata, yawanci ana ɗora wa jariri ƙaramar roba a hanci da baki, ya shaƙi iskar magani ya yi barci cikin minti ɗaya ko biyu. Daga nan a sa masa allurar ƙarin ruwa, a maƙala na'urar auna iskar jini a yatsarsa, a lulluɓe shi. A ayyukan da ke ƙasan cibiya akan ƙara allurar kashe zafi a ƙasan gadon baya, wadda ke ci gaba da aiki awoyi bayan ya farka.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce ko maganin zai taɓa ƙwaƙwalwa. A shekarar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi game da barcin da ya wuce awa 3, ko wanda ake maimaitawa, ga yara 'yan ƙasa da shekara 3. A 2019 kuma mujallar Lancet ta buga sakamakon wani bincike a kan jarirai 722 da aka yi wa aikin ƙaba. Da suka kai shekara 5, ba a ga bambancin basira tsakanin waɗanda aka sa barci na kusan awa ɗaya da waɗanda aka kashe wa ƙasan jiki kawai ba. Saboda haka aikin da ya zama dole ba a fasa shi don wannan tsoro, wanda zai iya jira kuwa sai a tattauna lokacinsa da likita.

Bayan aiki jariri kan farka da kuka, magagi, dishewar murya ko ɗan amai, kuma waɗannan sukan wuce cikin yini guda. A ƙananan ayyuka ana mayar da shi ga nono da zarar ya farka sosai, a aikin hanji kuwa sai likita ya ba da izini. Bakwaini akan kwantar da shi a sa masa ido har gari ya waye, domin numfashinsa yana iya ɗaukewa.

A gida, a ba da maganin zafi daidai awon da aka rubuta, kada a shafa komai a kan ɗinki, a kuma kiyaye ranar komawa asibiti. Zazzaɓi, numfashi da ƙyar, ƙin kama nono, koren amai, kumburin ciki, jini ko mugunya a wurin ɗinki, raguwar fitsari, ko barcin da aka kasa tashinsa, kowanne daga cikinsu dalili ne na komawa asibiti nan take, dare ne ko rana.