Darasi: Yadda Za Mu Gane Ƙwarin Lambu

'Yan'uwa, da yawa cikinmu manoma ne, waɗansu kuwa suna da lambu a fadama. Sa'anda mutum ya ga ƙwaro bisa ganye, nan da nan ya kan nemi maganin feshi. Amma ba dukan ƙwari ne maɓarnata ba. Wanda bai san bambancinsu ba, ya kan kashe ma'aikatansa da hannunsa.

1. Ƙirga ƙafafu da fukafukai. Ƙwaro na ainihi yana da ƙafa 6, jikinsa kuma kashi 3 ne, watau kai, da ƙirji, da ciki. Gizo-gizo mai ƙafa 8 ba ya cikinsu. Kudan zuma yana da fiffike 4, amma ƙuda 2 kaɗai. Akwai wani ƙuda mai zanen rawaya da baƙi wanda ya kan tsaya cik cikin iska a gaban fure. Ba ya harbi, tsutsar iri-irinsa kuwa tana cin ƙananan ƙwari masu tsotson ganye. A ƙyale shi.

2. Kudan zuma. Jikinsa da gashi, ya kan kuma tara garin fure a ƙafafunsa na baya. Dubi kabewa: furenta iri biyu ne, namiji da mace, macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi. Idan ba a kai garin namijin wurin macen ba, ƙullutun ya kan yi yaushi ya faɗi. Wannan aikin ƙudan zuma ne, haka kuma ga kankana. Furen kabewa da sassafe ya ke buɗewa, kafin tsakar rana ya rufe. Domin wannan, idan feshi ya zama tilas, a bari sai maraice.

3. Mazari. Idanunsa manya ne, sun kusa rufe kansa duka, ya kan sauka da fukafukai a buɗe. Ba shi da ƙari, ba ya harbi. Cikin ruwa ya ke ƙwai. 'Ya'yansa suna cin tsutsar sauro, shi kuma yana kama sauro da ƙuda cikin iska.

4. Zanzaro. Shi ne mai siririn ƙugu, mai ginin laka a jikin bango. Ya kan harbi tsutsa ko gizo-gizo, ya ajiye cikin ɗakin domin abincin ɗansa.

5. Ɗaukar hoto. Fita da safe tun da sauran sanyi, gama a lokacin ƙwari ba su da kuzari. Matsa da wayarka a hankali, kada inuwarka ta faɗi bisa ƙwaron. Idan mazari ya tashi, kada ka bi shi. Tsaya shiru, gama ya kan komo bisa tsinken da ya bari. Ɗauki hoto biyu, ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, domin fukafukai da ƙafafu su fito. Rubuta rana, da wurin, da sunan shukar, kāna ka nuna wa malamin gona. Amma kada ka kusanci amya, gama zumar ƙasarmu mafaɗaciya ce.

Tambayoyi
1. Ina bambancin kudan zuma da ƙuda?
2. Don me 'ya'yan kabewa su kan zube tun suna ƙanana?
3. Wane lokaci ne ya fi dacewa da feshi?

Aikin wannan wata: kowa ya zauna minti 10 kusa da fure ɗaya, tare da yaransa, su ƙirga irin ƙwarin da suka sauka a kansa.