Yadda ake kunun tsakin gero a tukunyar firesha

A ƙasar Gobir in aka ce hatsi, ba sai an tambayi wane iri ba, gero ake nufi. Daga Sabon Birni zuwa Isa, har a tsallaka iyaka zuwa Tsibiri da Maraɗi, shi ne tuwo, shi ne hura, shi ne kunun da yara ke kurɓa kafin su ɗauki allo. Abin da ya zama aiki a 'yan shekarun nan shi ne wutar dafa shi. Dajin da ake shiga yin icce ya zama wurin tsoro saboda 'yan bindiga, mutanen ƙauyuka da yawa sun taru cikin gari, gawayi ya yi tsada, gas kuma ba kowane maigida ke iya cikawa ba. Uwargidan da ta samu hanyar tashin kunun safe da rabin gawayin da ta saba ƙonawa ta samu abin riƙewa da hannu biyu.

Tukunyar da masu shago ke kira firesha tana da murfi mai kulluwa, da roba zagaye da bakinsa, da ɗan bututu a sama wanda wani ƙarfe mai nauyi ke zaune a kansa. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙirƙiro ta a 1679. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da aka iza masa, amma in aka tsare tururi zafin kan kai kusan digiri 120, kuma wannan ƙarin ne ke sa ƙwaya ta nuna da wuri. A Indiya, inda ake noma irin wannan gero suna kiransa bajra, matan Rajastan da Haryana a cikinta suke dafa fatensa, suna ƙirga lokaci da yawan fiton tukunya.

Aikin kunun safe tun da yamma yake farawa. A surfa gero, amma surfe mai sauƙi, domin in aka matsa wa ƙwaya sai wani kaso na sinadarin da ke ƙara jini ya bi dusa zuwa kwanon awaki. A bakace, a wanke, sannan a rege shi a ƙwarya. Wannan regayar kada a yi mata gaggawa: geron da aka sussuka a ƙasa ba ya rasa yashi da tsakuwa, kuma babu tukunyar da ke narkar da su. In ya sha iska sai a ɓarza shi a turmi ko a inji, a tankaɗe, a ajiye garin gefe guda, tsakin gefe guda. Garin zai yi amfani daga baya.

Bayan sallar isha'i sai a auna tsaki kofi 2 a kwano, a zuba ruwa har ya sha kansa da kamar gaɓar yatsa biyu, a rufe. Zuwa asuba ya samu awa takwas ko tara, kuma ya isa. Da bazara, lokacin da zafin wannan yanki ke haura digiri 40, jiƙon kan yi saurin tsami, don haka a ajiye kwanon gindin randa inda ke da sanyi, ko a jinkirta jiƙawa sai za a kwanta. Da hunturu kuwa ko tun magariba aka jiƙa ba laifi. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗauki ƙwaya ɗaya a matse tsakanin babban yatsa da manuni. In ta farfashe ta bar farin gari a fata, ta jiƙu. In ta tsaya kamar ɗanyar shinkafa, za ta ƙara cin wuta.

Jiƙon yana da amfani biyu. Ruwa ya riga ya shiga cikin ƙwaya, don haka wuta ba ta da sauran aiki mai yawa. Sannan jiƙo da ɗan tsamin da ke biyo shi suna rage wani sinadari na hatsi da ke hana jiki tsotsar sinadarin nan mai ƙara jini, abin da ya fi shafar masu ciki da ƙananan yara. Tsofaffin da ke kwana da gasara sun daɗe a kan wannan hanya.

Da safe a tsiyaye ruwan jiƙon, a ɗauraye, a juye tsakin cikin tukunya da ruwa kofi 6, da ɗan gishiri, da dakakkiyar citta, kanumfari da masoro. A jefa ƙaramin cokali na man shanu ko man gyaɗa, domin mai yana kwantar da kumfa. Nan ne wurin da ya kamata a natsu. Gero da duk hatsin da ke yin kauri suna tayar da kumfa, kuma kumfar na iya hawa ta toshe bututun da tururi ke fita. Saboda haka kada abin da ke ciki ya wuce rabin tukunya ko da yara goma ne ke jira. Awon nan ya dace da tukunya mai cin lita 5. Kafin a rufe, a ɗaga murfin a saitin haske a leƙa bututun. In ba a ga haske ta ciki ba, a zura tsinke a share.

A ɗora a kan wuta mai ƙarfi har tukunya ta yi fito na farko, ƙarfen saman ya fara rawa yana huci. Daga nan a rage wuta sosai. Mai gas ta murɗa ƙasa. Mai kurfoti ta kwashe fiye da rabin garwashin ta mayar ƙarƙashin butar shayi. Murhun icce bai dace ba, domin harshen wuta na lasar mariƙin roba ya narkar da shi, kuma rage zafinsa ba ya yiwuwa nan take. Jiƙaƙƙen tsaki minti 5 zuwa 6 yake so daga fiton farko. Surfaffen gero da ba a ɓarza ba yana kai minti 12 zuwa 15.

Sai a sauke, a bar ta ta huce da kanta, minti 10 ko 15, daidai lokacin da za a yi wa yara wanka. Kada a cire ƙarfen don sauri, domin kunu mai zafi zai feso ta bututun har fuska. Kada kuma a yi kokawa da murfi: in ya ƙi buɗuwa, akwai sauran tururi a ciki.

In aka buɗe za a tarar da shi da kauri kamar fate, ƙwayoyin sun kumbura sun yi laushi. A dama cokali uku na garin nan da ruwan jiƙaƙƙiyar tsamiya da aka tace, a zuba ana juyawa da ludayi, a mayar kan ragowar garwashi minti biyu ba murfi, a ƙara tafasasshen ruwa har ya kai yadda gidan ke son kaurinsa. Tsamiya da kanwa duk suna cin tukunyar alminiyom, shi ya sa ba a kulle su cikin tukunya, kuma in an gama a juye kunun a ƙwarya ko kula. Nono, madara, sukari ko mazarƙwaila duk a kwanon sha ake sa su. Zuma kuwa ban da jaririn da bai cika shekara ba.

Wasu gidajen ma'aikata suna sayen Quaker Oats na gwangwani, hatsin ƙasashen sanyi irin su Kanada da Rasha. Wannan an riga an turara shi an murje shi ya yi fale-fale, minti biyar a tukunyar yau da kullum ya ishe shi, a firesha kuwa sai ya koma kamar koko ya kama gindi. Irin da aka ɓarza kawai ba a murje ba shi ke bin hanyar tsaki: a jiƙa da dare, kofi 1 a ruwa kofi 3, minti 3 zuwa 4. Ya fi gero yauƙi da kumfa, don haka gara a zuba shi a kwanon silba, a sa ruwa kofi 2 a gindin tukunya, a ɗora kwanon a kan ɗan mazauni a ciki, a ƙara minti biyu.

Bayan an gama a cire robar murfin a wanke ta daban, a shanya a inuwa, domin ranar Gobir tana busar da ita ta tsattsage, kuma tukunyar da robarta ta tsage tururi kawai za ta yi ta zubarwa ta gefe ba tare da fito ba. Ba kullum ake samun daidai girmanta a kusa ba, don haka duk mai zuwa Sakkwato ko Maraɗi a ba shi tsohuwar ya tafi da ita a gwada, ya sayo biyu.