Maigida Da 'Yan Hayarsa A Gida Ɗaya

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mazauna birane, kamar su Kaduna da Jos da Sabon Garin Kano, mun gina gida mai ɗakuna da dama, muna zaune a waɗansu, sauran kuwa mun ba da haya. Dabara ce mai kyau, gama kuɗin haya yakan biya wa yara makaranta, yakan kuma riƙe mutum bayan ya bar aiki. Amma mu lura da abu guda. Wanda ke zaune tare da 'yan hayarsa suna biyu gare shi: maigida ne, maƙwabci ne kuma. In ya riƙe na fari ya manta da na biyu, gidan ba zai zaunu ba.

1. Tun ran gini tun ran zane. Kafin mutum ya shigo da kayansa, mu zauna da shi gaban shaidu biyu a rubuta yarjejeniya: nawa ne kuɗin, wace rana za a biya, wa zai share tsakar gida da makewayi, ƙarfe nawa ake kulle zaure. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe tasa takarda. Duk ran da aka biya a ba da rasit, ko da ɗan hayan ɗan'uwanmu ne.

2. Wuta da ruwa. Sau da yawa a nan faɗa ke tashi. In mita ɗaya ce, a raba kuɗin bisa ga kayan kowa, gama mai firji da dutsen guga ba daidai yake da mai ƙwan fitila ɗaya ba. Maigida ya fara biyan rabonsa, ya kuma nuna wa kowa takardar.

3. Gyara. Kwano mai yoyo da masai da ya cika, nauyinsu a kanmu yake. Ga shawara: cikin wata 12 mu ware kuɗin wata 1 domin gyara, mu kuwa gama shi kafin damina ta faɗi.

4. Ɗakin da muka ba da haya ya zama gidan wani. Kada mu shiga ba sallama. Kada iyalinmu su mai da yaran ɗan haya 'yan aikensu. Manzo Bulus ma ya yi shekara 2 a gidan haya a Roma, baƙi suna ta zuwa wurinsa. Da mai gidan nan ya hana shi baƙi, ai da an yi babbar hasara.

5. Ranar rabuwa. Zo mu zauna, zo mu saɓa. In kuɗi ya makara, mu fara tambayar dalili a keɓe, kada mu yi ta a tsakar gida gaban mata da yara. In kuwa rabuwa ta zama dole, akwai hanya. A jihohi da yawa na Nijeriya, in yarjejeniya ba ta yanka wani wa'adi ba, mai biya wata-wata ana ba shi notis na wata 1, mai biya shekara-shekara kuwa wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta kwana 7, sa'an nan a tafi kotu. Cire ƙofa, ko kwance kwano, ko watsa kayan mutum waje, doka ta hana. Maigidan da ya yi haka, shi za a yi wa sammaci, ko da yana bin kuɗi.

Tambayoyi
1. Ɗan hayanmu yana da takardar yarjejeniya da rasit a hannunsa?
2. Wane gyara ne aka roƙe mu, har yau ba mu yi ba?
3. Da mu ne ke haya a gidan nan, da mun so mu ƙara shekara?