Maganin Rana Ɗaya a Mako

Goggo, ƙanwar mahaifina, ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Shekara biyu yatsunta suna kumbura. In ta tashi alwalar asuba, hannuwanta a sandare suke, ko buta ba ta iya ɗagawa sai hantsi ya yi. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta shafa man zafi, ta sayi ƙwayoyi a kemis. Ciwon ya lafa kwana biyu, ya dawo. Daga ƙarshe muka kai ta asibiti. Aka ɗebi jininta, aka duba hannuwan, likita ya ce amosanin gaɓoɓi ne. Ya rubuta mata magani mai suna methotrexate.

Goggo ta karɓo maganin, ta ƙulle shi a leda, ta jefa cikin kwalla. Mako uku ba ta taɓa shi ba. Ashe ɗan maƙwabciyarta ne ya karanta mata takardar da ke cikin kwalin. Ya ce maganin ciwon daji ne, kuma yana taɓa hanta. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata.

Ban ga laifinta ba. Kowa aka faɗa wa haka gabansa zai faɗi. Abin da ya ba ni takaici shi ne mako ukun da ta yi tana fama da tsoro ita kaɗai, ciwo kuma yana ci gaba da cin yatsunta.

Amosanin gaɓoɓi iri-iri ne. Akwai na shekaru, wanda ke kama gwiwa da ƙugu idan guringuntsi ya zaizaye. Akwai kuma irin na Goggo, inda sojojin jiki, waɗanda aikinsu yaƙar cuta, suke juyowa su afka wa gaɓoɓin mai su. Ya fi kama mata. Yakan fara da yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare. Maganin kashe zafi ba ya tsayar da shi. In aka bar shi, yatsu su karkace, kuma gaɓar da ta lalace ba ta komawa yadda take. Aikin methotrexate shi ne ya kwantar da sojojin nan kafin su yi ɓarna.

Muka koma asibiti, na ce Goggo ta faɗi abin da ke ranta.

"Likita, an ce maganin ciwon daji ka ba ni. Ko shi ne da ni kuke ɓoye mini?"

"A'a, Mama, ba ki da ciwon daji. Gaskiya ne don shi aka fara amfani da maganin. Amma masu ciwon daji, mai yawa ake ba su. Naki ɗan kaɗan ne. Tun shekarun 1980 ake ba masu irin ciwonki a duniya."

Ya ƙara da cewa takardar kwali tana lissafa duk abin da maganin zai iya jawowa, ko da ba kasafai yake faruwa ba. Abin da aka fi gani shi ne tashin zuciya da kasala washegarin shan maganin, wani lokaci da ƙurajen baki. Don rage su ne ake haɗa wa mutum da folic acid, ƙwayar nan da mata suka sani a wurin awo.

Yanzu ga inda nake so mu natsu, domin nan ne haɗari na gaske yake. Methotrexate sau ɗaya ake shan sa a mako. Ba kullum ba. Mun saba da maganin safe da rana da dare, shi ya sa hannu yake saurin kuskure. Wanda ya sha shi kullum zai iya rasa ransa. Saboda haka a zaɓi rana guda, a rubuta ta da manyan baƙaƙe a jikin kwalin. A duba lambar da ke kwalin kuma. Akwai ƙwaya mai 2.5, akwai mai 10. Mai 10 guda ɗaya daidai take da huɗu na mai 2.5. In lambar ta sauya daga wadda aka saba, a tambaya kafin a sha. Sau da yawa methotrexate da folic acid duk ƙanana ne, duk rawaya. Kada a juye su a leda ɗaya. Folic acid kuma wata ranar daban ake shan sa, yadda likita ya tsara.

Akwai maganin da ba ya shiri da shi ko kaɗan, kuma yana nan a kowane kemis: Septrin, wanda mutane ke saya don tari ko gudawa. Haɗa su yana iya hana jiki yin jini. Duk inda aka je karɓar magani, a fara da cewa, "Ina shan methotrexate." Wanda sunan ya yi wa nauyi a baki ya tafi da kwalin. Haka jiƙe-jiƙen gida, a gaya wa likita, ba abin kunya ba ne. Hanta ɗaya ce take ɗaukar nauyinsu duka. Giya ma a nisance ta.

Mace mai ciki ba ta shan wannan magani, yana cutar da abin da ke cikin. Mai shayarwa ma haka. Wadda ke son haihuwa ta faɗa tun farko, akwai wasu magungunan da za a iya ba ta.

Gwajin jinin da ake yi a kai a kai shi ne mai gadi. Yana nuna halin hanta da yawan jini tun kafin mutum ya ji komai a jikinsa. Da farko ana yin sa kusa-kusa, daga baya a tsawaita. Na san kuɗin gwaji da na mota suna da nauyi. In babu hali, a gaya wa likita a fili. Ya fi a ɓace a ci gaba da shan magani ba gwaji.

Wasu alamun ba a jiran ranar komawa asibiti da su. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, baki ya cika da gyambo, ido ya yi rawaya, busasshen tari da sarƙewar numfashi, ko jini yana fita ba dalili. In an ga ɗaya, a dakatar da maganin, a tafi asibiti a ranar. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a wuce kemis.

Sai haƙuri. Maganin nan ba ya aiki cikin dare ɗaya. Yakan kai mako 6 zuwa 12 kafin a ji sauƙi, kuma a wannan tsakanin ne mutane da yawa suke cewa bai karɓe su ba, su watsar. Likita yakan haɗa da prednisolone don ya riƙe mutum kafin nan. Shi kuma in an daɗe ana sha ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa.

Goggo ta zaɓi Litinin da dare, bayan tuwo, don in tashin zuciya ya zo ya same ta tana barci. Da azumi ya zo ba abin da ya sauya, bayan buɗa-baki ta sha. Jikarta ta rubuta LITININ a kwali, ta maƙala kalanda a bango, duk ranar da Goggo ta sha sai a ja layi. Kafin ranar asibiti sukan zauna su rubuta tambayoyi a takarda, don mutum yakan manta a gaban likita. Makonnin farko ta yi ta ƙorafin kasala duk Talata. A wata na uku na leƙa da sassafe, na tarar da ita tana buga ƙullun ƙosai da hannunta.