Kafin ka kama ɗaki a babban otal na Faris

Mai shirin zuwa Faris, kada hoton otal ya ruɗe ka. Ɗakin da ake tallatawa da hasumiyar Eiffel a bakin taga yawanci shi ne mafi tsada a gidan. Wanda kuɗinka ya kai mai yiwuwa ne tagarsa na kallon tsakar gida. Don haka ka rubuta wa masu otal ɗin, su faɗa maka girman ɗakin da inda yake fuskanta, domin tsofaffin gine-ginen Turai ɗakunansu kan yi ƙanƙanta ko da tauraro biyar ne.

Fara zaɓar unguwa kafin sunan otal. In gidan tarihi na Louvre ya kawo ka, otal ɗin Le Meurice yana titin Rivoli, da ƙafa ma ka isa. In sayayya ce a Champs-Élysées, otal ɗin George V ya fi kusa. Kyan otal ba ya rama awannin da cunkoson motoci zai cinye maka.

Sai batun kuɗi, inda aka fi cin tuntuɓe. Karin kumallo sau da yawa ba ya cikin farashi, kuma akwai harajin kwana da ake karɓa kan kowane baligi kowane dare. Abin da ya fi damuna shi ne rangwamen da ba a mayar da kuɗinsa. In bizar Shengen ɗinka ba ta fito ba, kada ka taɓa shi, komai arharsa.

Musulmi kuwa ya tambayi abincin halal tun daga gida, ya kuma ce a kwashe giya daga firjin ɗaki kafin isowarsa.