ZAƁEN BINDIGAR GIRIS DOMIN KIWON TARAKTA DA KAYAN NOMA

Darasi domin hakimai da malamansu na ƙasashen Ƙauran Namoda, da Shinkafi, da Zurmi

Damina a arewacin Zamfara gajeruwa ce. Ruwa yakan zauna wajen watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, saboda haka kwanakin kaftu da huɗa ƙidayayyu ne. Manomin Sakajiki wanda ya ba da kafin alƙalami domin tarakta ta zo gonarsa, in aka ce masa ta lalace sai bayan mako biyu, to, shukarsa ta makara, abincin gidansa na shekara kuwa ya shiga haɗari. Sau da yawa irin wannan lalacewa takan faro daga wani ɗan boris ko fil wanda ya bushe, don an kwana biyu ba a ba shi giris ba.

Hakimi ba makaniki ba ne, amma gabansa ake kawo ƙara sa'ad da mai tarakta ya saɓa alkawari, shi kuma ake nema da shawara in ƙungiyar manoma za ta sayi kayan aiki. Don haka ya kamata shi da malaminsa su san ɗan ƙarfen nan da ake kira bindigar giris, su san kuma wadda ta dace da ƙauye.

ABIN DA AKA KOYA A BAYA

Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da audugar da jirgin ya yi ta ɗauka kuwa da fartanya da garma aka noma su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Turawa suka gwada noma da manyan injuna. An yi babban aikin gyaɗa a ƙasar Tanganyika daga 1947 zuwa 1951, an kuma yi wani a Mokwa daga 1949 zuwa 1954, duka biyu suka watse da hasara. Dalilan faɗuwarsu suna da yawa, amma akwai darasi guda da ya shafi kowa: inji mai tsada, in yana nesa da ma'aikatar gyara, ba ya daɗewa sai da kiwo na kullum. Daga Ƙauran Namoda zuwa Gusau ya fi kilomita 50, daga Shinkafi ko Zurmi kuwa ya fi haka nisa, ga kuma wahalar tafiya da rashin tsaro ya jawo a shekarun nan. Duk abin da zai rage zuwa neman kayan gyara ana tsakiyar aiki, riba ce.

AIKIN GIRIS DA NA BINDIGA

Duk inda ƙarfe biyu ke gugar juna a jikin tarakta, kamar gaɓoɓin sitiyari, da fil ɗin gatarin gaba, da kuros na sandar da ke juya kayan aiki a baya, da boris na haro da na tirela, sai an sa abin da zai shiga tsakaninsu. Baƙin mai zai tsiyaye daga irin waɗannan wurare. Giris kuwa mai ne wanda aka kaurara da wani irin sabulu, don haka yana zama inda aka sa shi, ya rage gugar, ya kuma tare ƙura da ruwa.

A bakin kowace gaɓa akwai ɗan kan ƙarfe da ake kira nono, da ɗan ƙwallo a cikinsa wanda ke buɗewa in an matsa, ya rufe in an saki. Wani mutum a Amurka mai suna Oscar Zerk ya sami takardar mallakar irin wannan nono a 1929. Ta wannan 'yar ƙofa bindiga ke tura giris, da ƙarfi ƙwarai, gama mai kyau takan ba da matsin laba 6,000 zuwa 10,000 a kan kowane inci murabba'i. Iskar da ke cikin tayar tarakta ta baya kuwa ba ta cika wuce laba 25 ba.

IRIN BINDIGOGIN DA AKE SAMU

1. Mai dogon hannu. Ana riƙe gangar da hannu ɗaya, a buga dogon hannun da ɗayan. Ta fi sauran na hannu ƙarfi, kayan cikinta kaɗan ne, ba ta bukatar lantarki ko iska.

2. Mai kunama. Da hannu ɗaya ake matsa ta, ɗayan hannun ya riƙe bakin a kan nono. Tana da daɗin aiki a lungu, amma girisin da take fitarwa a kowane bugu yakan yi ƙasa da na mai dogon hannu, tana kuma gajiyar da yatsu.

3. Mai iska. Sai da injin matsa iska take aiki. Ta dace da gareji, ba za a iya bin tarakta da ita zuwa fadama ba.

4. Mai batir. Tana da sauri, ba ta gajiyar da mutum, amma tana da tsada, ran da batirinta ya mutu kuwa ba wutar caji, aiki ya tsaya.

Ga tarakta ɗaya ko biyu da ke aiki a ƙauye irin Sakajiki, mai dogon hannu ita ce zaɓi. Mai tarakta da yawa, wanda ke da gareji da wuta a gari, shi ne mai iska ko mai batir za ta yi wa amfani, shi ma ya kamata ya ajiye ta hannu a cikin kowace tarakta.

ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A BIYA KUƊI

Na farko, ganga. A zaɓi ta ƙarfe mai kauri wadda ba ta lotsawa in an danna da babban yatsa. A warware kan a sake ɗaurawa, a ga ko zaren yana shiga sumul.

Na biyu, baki. Shi ne ke kama nono da 'yan haƙora uku ko huɗu, shi ne kuma ya fi saurin cinyewa. Bakin da ya cinye yakan zubar da giris a gefe, direba ya ɗauka ya shiga, alhali gaɓar tana nan a bushe. A tafi kasuwa da nono guda na taraktar a gwada, a kuma sayi baki na biyu a ajiye.

Na uku, tiyo. Bindiga takan zo da sandar ƙarfe ko da tiyo mai lanƙwasuwa. Wadda ta zo da duka biyu ta fi, domin nonon kuros da na ƙarƙashin gatari ba su kamuwa da sanda. A tabbata matsin da aka rubuta a jikin tiyon bai kasa na bindigar ba.

Na huɗu, hanyar cikawa. Akwai giris na kwanso mai giram 400 wanda ake zurawa cikin ganga yadda yake, akwai kuma na bokiti. Na bokiti ya fi araha, amma araha ba ta ado, gama bokitin da aka bari a buɗe lokacin hunturu yakan sha ƙura, giris mai yashi kuwa cin ƙarfe yake yi kamar dutsen wasa wuƙa. A nemi bindigar da ke karɓar duka biyu. In da na bokiti za a yi aiki, a riƙa rufe shi nan da nan, kada a ɗiba da tsinke ko da hannu mai ƙasa.

Na biyar, 'yar ƙofar fitar da iska a kan bindigar. In iska ta maƙale bayan an cika, sai a yi ta bugu ba abin da ke fita. Da yawa an yar da bindiga mai lafiya saboda wannan kaɗai.

GIRISIN DA ZA A ZUBA

Kaurin giris yana da lamba, daga 000 mai kama da ruwa zuwa 6 mai tauri. Yawancin aikin tarakta lamba 2 yake so, wanda aka yi da sabulun litiyam, sai fa in littafin da ya zo da taraktar ya faɗi wani abu dabam. Launi ba ya nuna iri, rubutun jikin kwanso shi ne abin dubawa. Kada a gauraya iri biyu, don wasu in sun haɗu sukan tsinke su zube, wasu kuma su daskare.

YADDA AKE BA DA SHI

A kashe inji, a sauke garma ko haro ƙasa. A goge kowane nono da tsumma mai tsabta kafin a ɗora baki, in ba haka ba bindigar da kanta za ta tura ƙasa ciki. A fil da bushin, a yi ta bugu har tsohon giris ya leƙo. A boris mai robar tarewa kuwa bugu biyu ko uku sun isa, gama ƙarfin bindiga yana iya fasa robar. In nono ya ƙi karɓa, a kwance shi a wanke da kananzir, ko a sake sabo mai zare irin na tsohon. Littafin tarakta yakan nuna gaɓoɓin da ke son giris bayan kowace awa 10 ta aiki, da waɗanda ke jira har awa 50. Ran da aka yi aiki cikin laka a fadamar Gagare, a ba da giris da yamma bayan an tashi, don ya kori ruwan da ya shiga.

Gargaɗi: kada kowa ya gwada bakin bindiga a kan yatsa, ko ya shafa tiyo da hannu yana neman inda ya huje. Giris yana iya huda fata ya shige cikin nama. Raunin ƙarami ne a ido, amma yana iya jawo a yanke yatsa. Wanda wannan ya sama a kai shi asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita abin da ya shiga.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN MALAMIN HAKIMI

Inda tarakta ta ƙungiya ce ko ta hukuma, malami ya buɗe littafi mai gida huɗu: kwanan wata, awar da agogon tarakta ya nuna, girisin da aka fitar, da sa hannun direba. Lissafin ba wuya. Misali, in bindiga tana fitar da giram ɗaya a bugu guda, tarakta da haronta kuma suna da nono 20, kowane yana shan bugu uku, zagaye ɗaya ya ci giram 60 ke nan, kwanso guda zai yi zagaye shida. In aka yi wata guda ana aiki kwanso ɗaya bai ƙare ba, to, ba a ba da giris yadda ya kamata. Da yake bindigogi sun bambanta, a auna bugu goma a ma'auni tun ran da aka sayo, a rubuta a shafin farko.

Tun watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka, ya kyautu hakimi ya tara masu tarakta da direbobin ƙasarsa, kowa ya zo da bindigarsa a ga tana aiki, a ga kuma akwai girisin da zai kai ƙarshen huɗa. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Allah ya kawo damina mai albarka, ya ba ƙasa zaman lafiya, amin.