Na Samu Gurbi a Jami'a, Amma Ina Zan Samu Kuɗin Karatu?

TAMBAYA

Ni ɗan garin Diggi ne, a Ƙaramar Hukumar Kalgo. Allah ya ba ni gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, sashen kimiyyar kwamfuta. Mahaifina manomin shinkafa ne, ga ƙannena biyar a gabansa, kuma abin da aka samu bana bai taka kara ya karya ba. Wani a shagon intanet ya ce in kawo naira dubu goma sha biyar ya sa sunana a cikin waɗanda za a ba sikolashif. Malam, in ba shi? In kuwa ba ta nan ba, ta ina zan fara?

Ɗanka daga Diggi

AMSA

Allah ya sa albarka a karatun. Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Tallafin karatu na gaskiya ba a sayensa. Ka biya mai shago ladan cike fom da buga takarda, amma duk wanda ya ce yana da hanya a ciki, aljihunka yake hange.

Ga abin da ba a cika faɗa wa sababbin ɗalibai ba: galibin tallafin ba ya zuwa kafin ka shiga makaranta, sai bayan ka shiga ka nuna abin da ka iya. Gidauniyar MTN, alal misali, 'yan aji uku take ɗauka daga fannonin kimiyya da fasaha, kuma sai makinka ya kai 3.5 cikin 5. Kamfanonin mai da iskar gas irin su NLNG su ma suna da nasu, da jarrabawar da suke yi ta kwamfuta. Haka Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi a Abuja, sakamako take dubawa. Ke nan makin da za ka ci a aji ɗaya shi ne jarinka. Ɗalibai da yawa suna sakaci da zangon farko, wai ai yanzu aka fara, sai a aji uku su ga ƙofa a buɗe amma maki ya hana su shiga. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai, domin yaranmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, mai gaya musu da wuri suka rasa.

To, shekarar farko fa? Hanya biyu gare ka. Ta farko, Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kebbi a Birnin Kebbi. Da zarar ka samu lambar ɗalibta, nemi shugabannin ƙungiyar ɗaliban jihar a makarantarku, su ne suke fara jin labarin ranar tantancewa. Sai dai kuɗin gwamnati ba ya bin kalandar makaranta, don haka kada ka jingina rajistarka da shi.

Ta biyu ita ce asusun NELFUND, wanda aka fara a 2024. Ka riƙe wannan da kyau: bashi ne, ba kyauta ba. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye zuwa asusun jami'a, kuma an fara shirin da naira 20,000 duk wata na kashewa ga wanda ya nema. Babu kuɗin ruwa a ciki, abin da na san mahaifinka zai fara tambaya ke nan. Biya kuwa sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Ku zauna da mahaifinka ku auna kafin ka nema. A ganina, ya fi a sayar da shinkafar da gida zai ci.

Yanzu batun takardu, inda aka fi faɗuwa. Shimfiɗa su duka a kan tabarma: katin NIN, takardar JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, da bayanin BVN. Bi su harafi bayan harafi. A nan an rubuta Muhammadu, can Muhammad. Wannan ta ƙare da Diggi, waccan da sunan kaka. Ranar haihuwa a ɗaya 1 ga Janairu, a ɗaya kuma watan Yuni. Kwamfuta ba ta san ka ba, ba ta san mahaifinka ba, in ta ga saɓani sai ta ajiye ka gefe. Gyaran yana cin makonni, fom kuwa yakan rufe cikin 'yan kwanaki, don haka yanzu ne lokacinsa. Ka je sakatariyar Kalgo ka karɓi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ka fara biyawa ta wurin hakimi idan an buƙaci wasiƙarsa. Buɗe asusun banki da sunanka, ba na yayanka ba. Adireshin imel da lambar waya su zama naka, kuma kada ka bar wa mai shago lambobin sirrinka, domin ta imel da waya ake aiko gayyatar jarrabawa.

Wata sa'a da ka yi, matsugunin jami'ar nan, wadda aka kafa a 2013, yana cikin ƙasar Kalgo ne, kan hanyar Bunza. Garin rogo da shinkafa daga gida za su riƙa iso maka ba tare da wahala ba, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ranar da ka je rajista, ka shiga ofishin kula da harkokin ɗalibai ka tambayi jami'in da ke kula da NELFUND ko makarantar ta tura sunanka, domin sai ta tura ne za ka iya nema.